Kujerar Innarka a Jirgin Ikko

Daga Wurno, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Zainabu da jaririnta, da fatan haɗa kaya bai gajiyar da ku da yawa ba a can Sakkwato. Allah ya tsare ku inda kuke, ya tsare ku inda za ku, ya sa aikin nan da ka samu a Ikko ya zama alheri gare ka da mu baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka saboda na san halina. A waya ba na daɗewa sai murya ta hau, kai kuma ka koma "to Baba, to Baba", mu rabu ba a ce komai ba. Takarda kuwa ba ta katse ni, ni ma ba na jin nauyinta. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da ɗaurin buhu.

Maganar innarka ce. Ka ce ka kama mata kujera a jirgin ranar Asabar, ta raka ku Ikko ta riƙa wa Zainabu yaro har ku zauna da gindinku, bayan wata guda ta dawo. Na ce ba ta zuwa. Ka tambaye ni dalili, na ce ba a tambayar uba dalili. Ka ce zuwa Alhamis kake son jin ta bakina, in ba ta zuwa ka mai da tikitin. To amsar tana cikin takardar nan, amma sai ka bi ni a hankali. Ni ɗan hanyar ƙasa ne, ban iya zuwa kai tsaye irin na jirginku ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kishi ne, Nasiru. Ba tsoron jirgi nake mata ba, ba kuma tuwo nake tunani ba, don wanda ya yi rabin rayuwarsa yana cin abincin tasha ba zai mutu da yunwar wata guda ba. Kishinka nake yi, ni da na haife ka. Na yi ta juya abin a raina ko zan samo masa wani suna mai kyawun ji, ban samu ba.

Ka san ranar da ya fara, ko da yake ba ka lura ba. Ranar da ka dawo daga ganawar neman aikin nan, ka zo gaishe mu a majalisa, ƙofar gidan abokina Alu na Kagara, bayan la'asar. Alu, da bakinsa ba ya zama wuri ɗaya, ya ce maka, "To ɗan boko, kwana nawa kay yi bisa hanya?"

Ka yi dariya ka ce, "Wane kwana, Baba Alu? Ko awa biyu ba mu cika ba. Shayin da anka ba ni bai gama hucewa ba anka ce kowa shi ɗaure, za a sauka. Ashe Ikko kusa ta."

Alu ya juyo ya dube ni, ya ce, "Umaru, ka ji? To kai ina kaka zuwa dut shekarun ga? Ko dai Ikkon taka daban ta?"

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Amma tuwon ranar bai shiga ba.

Kai ka tashi ka ganni ina kai albasa Ikko, amma ba ka taɓa bin hanyar ba. Shekara talatin da wani abu ina lodi daga Wurno da Goronyo, in hau saman buhuna in zauna. Sakkwato, Jega, Yawuri, Kontagora, Makwa, gadar Jaba, Ilori, Badun, sannan Ikko. In hanya ta yi kyau kwana biyu, in ta ƙi kuwa sai yadda Allah ya yi. Albasa ba ta san haƙuri ba. Mota ta tsaya kwana ɗaya cikin rana, sai ka ji ta fara zufa a ƙarƙashinka, kana zaune kana jin warin asararka. Na kwana gindin mota tsakanin Kontagora da Makwa ban san iyaka ba. Na san inda ake samun ruwan alwala mai kyau, na san garin da ba a tsayawa ko taya ta fashe. A majalisar nan, duk wanda zai tura ɗansa kudu ni yake tambaya. Shi ke nan abin da nake da shi. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban yi sarauta ba, amma na san hanyar Ikko.

Sai ga ka, ka ƙara da ciro waya kana nuna musu. Ka ce ta ƙasa tafiyar ta haura kilomita dubu, ta sama kuwa ɗari bakwai ce da 'yan kai, don jirgi ba ya bin kwana-kwana. Na zauna ina tunanin sauran ɗari ukun da jirginku ya zubar. A cikinsu gwiwata ta lalace, a cikinsu na yi furfura.

Ga nasiha ta farko, tunda ta nan aka fara. Ba ƙarya ka yi ba, kuma na san ba da nufi ka faɗa ba. Amma kada ka sake rage wa dattijo tsawon hanyarsa a gaban mutane. A Ikko za ka tarar da tsofaffin ma'aikata da suka sha wuya a kan abin da kai za ka gama da danna waya. Ka yi aikinka da sauri yadda ka iya, amma bakinka kada ya ce musu ashe abin ba wuya. Ka tambaye su yadda suke yi a da, ka saurara. Ba za ka rasa komai ba, su kuma ka bar musu abin da suke riƙe da shi.

Wannan na majalisa da na haɗiye shi. Da ka zo da maganar kujerar innarka ne abin ya taɓa inda ya fi ciwo, kuma a nan laifin nawa ne tun daga tushe.

Lokacin da aka kawo ta daga Boyekai, ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. Duk dawowata sai ta shimfiɗa mini tabarma, in kwance tsaraba, burodi da kwakwa da ɗan turmin atamfa in ciniki ya yi kyau, in hau ba ta labari. Labarin teku ta fi so. Na ce mata ruwa ne da ba a hango gaɓarsa ta can, ba irin na madatsar Goronyo ba, kuma yana tahowa da kansa ya koma ba tare da iska ba. Ta ce, "Malam, ka kai ni in gani mana." Na ce in sha Allahu, in an kwashe albasar bana.

Aka kwashe ta bana, aka kwashe ta baɗi. Wata shekara in ce tana da ciki, wata in ce goyo, wata in ce hanya ba lafiya. Wasu uzuran gaskiya ne. Amma an yi shekarun da hanya take lau, ga manyan motocin fasinja suna tashi daga Sakkwato, ga hali ina da shi. Ban kai ta ba. Yanzu da na zauna na bincika zuciyata, na gane dalili. Ina son yadda take kallona in ina ba da labarin. Ina son a ce a gidan nan ni kaɗai na ga teku. Gani ya kori ji, in ta gani da idonta, me ya rage in ba ta? Na riƙa cewa hanya ta yi wa mace nisa, alhali ni nake ƙara mata tsawo. Abin da ya fi ba ni kunya, ban ma lura da shekarar da ta daina tambaya ba.

Sai kai, yaron da na goya a kafaɗa zuwa masallacin Idi, ka zo za ka cika mata alkawarina kafin shayi ya huce. Ka ce in ji daɗi? Na so in ji, wallahi, amma abin da ya fara zuwa shi ne haushi.

Don haka ka ji ni da kyau game da Zainabu. Alkawarin da ba a sa masa rana ba, ƙarya ce mai ladabi. In ka ce za ka kai ta wuri, ka faɗi ranar, ranar ta zo ku tafi. Kuma kada ka kai 'yar mutane Ikko ka rufe a ɗaki, ya zama duk abin da ta sani na garin daga bakinka ta ji shi. Ka nuna mata kasuwa, ka nuna mata asibiti, ta san hanyar gidan 'yan'uwanmu da ke can, ta ga inda kake aiki ko sau ɗaya. Namiji yana jin daɗi a ce shi kaɗai ya sani, na ɗanɗana, akwai zaƙi. Ƙarshensa ka wayi gari kana kishin ɗanka.

Akwai wani kuskuren da nisa ya sa ni, ko in ce na fake da nisa na yi shi. In na sayar da kaya, ba kullum nake juyowa nan take ba. Ina da abokai a Ilori, 'yan wajenmu ne da suka zauna can. Sai in sauka wurinsu in huta, a sha shayi, a yi dara, a yi hira, kwana biyu ko uku. Ba wani abin assha ake yi ba. In na iso gida in ce mota ce ta lalace, kuma wa zai musa? Ba waya a lokacin, hanya kuma kowa ya san ba ta da tabbas. A irin wannan zaman ne kakarka, mahaifiyata, ta rasu a Marnona. Na baro ta da ɗan zazzaɓi, na ce kafin in dawo ta warke. Na iso na tarar ana sadakar uku. Mutane suna ta ba ni haƙuri, suna cewa halin hanya ne, Umaru, ba laifinka ba. Na karɓi gaisuwarsu, ni kaɗai na san inda nake ranar da aka kai ta.

Kai ba ka da wannan mafakar, jirgi ya ƙwace maka ita. Amma cutar da nake jiye maka ta fi tawa wuyar ganewa. Ni nisa ya ruɗe ni, kai kusa ce za ta ruɗe ka. Na ga 'ya'yan mutane a garin nan da ke aiki a kudu. Lokacin da sai an kwana a hanya, mutum yakan shirya, ya sa rana, ya zo. Yanzu sai ka ji ana cewa ai awa biyu ce, ko yaushe na ga dama ina zuwa. Shekara ta zagayo ba a ga damar ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Na san kai ka wuce rimi yanzu, gajimare ma a ƙarƙashinka yake, amma wannan dai daga ƙasa ake ganinsa.

Ka yi lissafin da gaskiya. Awa biyun nan daga filin jirgi ne zuwa filin jirgi, ba daga ƙofar ɗakinka zuwa ƙofar gidan ubanka ba. Ka sa cunkoson Ikko a ciki, wanda ni na san shi tun ba a haife ka ba. Ka sa zaman jira, tunda kai da bakinka ka ce wani lokaci akan ɗage tashi, wani lokaci kuma sai an biya ta Abuja. Ka sa motar Sakkwato zuwa Wurno da ba ta tashi sai ta cika. Mu kuma a nan, wanda ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba a jiran kowa. Ba ina maka fatan mugun labari ba ne. Ina ce maka ne kada ka ajiye zuwanka sai ranar da aka kira ka. Zumunta a ƙafa take. Ka yanka wa kanka lokuta tun yanzu, Sallah babba da lokacin kwasar albasa ko wanda ya yi maka, ka gaya wa shugabanninka tun da wuri, ka zo ka same mu muna iya amsa sallamarka.

Saura ɗaya, shi ma na kishin ne, don ka san ba yau na fara ba. Baffanka Shehu na Goronyo, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa yadda ake dashen albasa. Allah ya buɗa masa, ya riga ni zuwa Makka, ni da har yau ban taka matakalar jirgi ba. Ban raka shi ba, na ce ina da lodi. Da ya dawo na yi kwanaki ban je ba, sai da innarka ta matsa. Na tarar da ɗaki cike, yana ba da labarin yadda suka tashi daga Sakkwato bayan asuba suka yi la'asar a Madina. Maimakon in ce Allah ya karɓa in yi shiru, sai na ce, "Ai aikin Hajji yanzu ya zama yawon shan iska. Kakanninmu da ƙasa suka tahiya, shekaru suna bisa hanya."

Shehu ya tashi ya ɗauko hula da zamzam da ya keɓe mini daban, ya durƙusa ya ajiye a gabana, ya ce, "Yaya, na yi maka addu'a wurin Ka'aba, Allah shi kira ka." Muna gaisawa har yau, muna zuwa sunan juna, amma tun ranar bai sake ba ni labarin wani abin farin cikinsa ba. Sai dai in ji a bakin mutane.

A Ikko za ka ga sa'o'inka da na bayanka sun wuce ka. Wani a ƙara masa girma, wani a tura shi ƙasar waje. Zuciya za ta yi zafi, kada ka yarda da wanda ya ce maka tasa ba ta yi. Maganin da na gano a makare shi ne ka riga kowa zuwa yi masa murna, tun kafin zuciyar ta gama haɗa maganar da za ta ɓata abin. In ba ka iya cewa komai ba, ka ce Allah ya sa albarka, ka kama bakinka.

To ni da nake ba ka wannan shawara, na duba na ga abin da na yi wa ƙanena shi nake shirin yi wa ɗana da matata a rana ɗaya.

Ranar da na ce ba ta zuwa, innarka ba ta yi musu ba. Ta ce, "To Malam, yadda kac ce." Da ta yi faɗa da na samu abin kamawa. Ashe ta riga ta wanke atamfofinta, ta daka yaji, ta ƙulla kuka da daddawa da za ta kai muku, har lalle ta sa. Jiya da hantsi na shigo daga gona na tarar da ita a tsakar gida tana kwance ƙullin, tana mai da daddawar cikin tukunya ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta yi mini sannu da zuwa kamar kullum, ta tashi ta kawo ruwa. Na karɓi kwanon ina kallon lallen hannunta, na ajiye shi ban sha ba.

Yau da safe, bayan mun sha koko, na ce mata ta sake ƙulla kayanta. Ta daɗe tana kallona, kamar tana jiran in ce in an kwashe albasa. Sannan ta ce, "Kai hwa?"

Na ce ni na ga Ikko har na gaji.

Ta ce, "Ta ƙasa kas sani. In na komo, ni za ni ba ka labarin ta bisa."

Ta faɗa tana dariya, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Kishin bai tafi ba, kada ka zaci na zama waliyyi da tsufana. Yana nan zaune a ƙirjina ina rubutun nan. Na dai hana shi yanke hukunci ne.

Saboda haka kada ka mai da tikitin. Innarka tana zuwa. Ka roƙa mata kujerar bakin taga, ka zauna kusa da ita, don za ta ji tsoro lokacin tashi kuma ba za ta faɗa ba. In kun huta, ka kai ta bakin teku da rana tsaka, ba a gurguje ba, ba daga cikin mota ba. Ka bar ta ta tsaya har sai ita ta ce a tafi. Ruwan yana fizgar ƙafa, ka riƙe mata hannu.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Ka ce za ka turo mota ta ɗauke ta daga gida ranar Asabar. Kada ka turo. Ni zan ɗauki jakarta zuwa tasha, mu shiga motar haya tare, in zauna kusa da ita daga Wurno har Sakkwato, in kai ta ƙofar filin jirgi in damƙa maka ita hannu da hannu. Na ce zan kai ta Ikko ban kai ta ba. Ka bar mini farkon hanyar, sauran naka ne.

Allah ya tashe ku lafiya, ya sauke ku lafiya. Ya tsare ka daga sharrin mutane da sharrin zuciyarka, ya raya jaririn nan bisa tafarkin Musulunci, ya ba ka 'ya'yan da za su wuce ka, ya kuma ba ka ƙarfin yi musu murna da wuri fiye da yadda ubanka ya iya. Ita kuma Allah ya dawo mini da ita lafiya, ni ne mai shimfiɗa tabarma wannan karon.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru